Sai Bango Ya Tsage: Ciwon Ƙaba, Hannun Likita da Na'urar Sikanin

Wannan ita ce laccar da wani likita na sashen ɗaukar hoto ya gabatar a makon kiwon lafiya na ƙungiyarmu. Mun buga ta kamar yadda ya karanta.



Sa'ad da aka sanar da abin da zan yi magana a kai, na ji dariya ta tashi daga kujerun baya. Ban yi mamaki ba. A ƙasar Hausa ƙaba da gwaiwa sun daɗe suna cikin abubuwan ba'a, ana tsokanar abokin wasa da su, ana yi wa mai su waƙa a dandali. To, wannan dariya ita ce ta sa na zaɓi batun, domin ita ce ke sa magidanci ya ɗinka babban wando ya yi shekara goma yana ɓoye abin da aikin sa'a guda zai raba shi da shi. Ku kuwa da kuke zaune a nan, gobe ku ne ma'aikata. Ku za a aiko wa daga gida a ce Baba ba shi da lafiya, ku za ku faɗi inda za a kai shi, ku ne kuma za ku biya. Saboda haka ya kamata ku san abin da na'urar sikanin ke iya yi a kan wannan ciwo, da abin da ba ta iyawa.

Mu fara da ciwon kansa. Cikin ɗan Adam kamar buhu ne mai bango na tsoka, hanji da kitse suna ciki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan abin ya juya, sai bango ya tsage hanji ke samun wurin fita. Duk inda bangon ya yi rauni, tantanin da ya lulluɓe cikin yakan turo waje kamar aljihu, hanji ko kitse su faɗa a ciki. Wannan aljihu da abin da ke cikinsa shi ne ƙaba. Tana iya fitowa a cibiya, ko a tabon tsohuwar tiyata, amma mafi yawanta a matsematsi take, watau inda mara ta haɗu da cinya.

Me ya sa sai nan? Dalilin yana cikin halitta. 'Ya'yan marainan namiji a cikin ciki ake halittarsu, can kusa da ƙoda, sa'an nan a watannin ƙarshe na goyon ciki su gangaro ta wata 'yar hanya a matsematsi su sauka mazauninsu. A jikin baligi tsawon hanyar kamar santimita 4 ne. Idan bakinta bai rufe sosai ba, ko ya buɗe daga baya, hanji yakan bi sawu, har ya kai cikin maraina. Wannan ita ce irin ta farko, ita ce kuma ta yara da samari. Iri na biyu ta manya ce, inda bangon hanyar ya saki saboda shekaru, hanji ya turo kai tsaye. Akwai ta uku, wadda nake roƙonku ku riƙe ta da kyau, ita ce ƙabar cinya. Tana fitowa ƙasa kaɗan da waɗancan, ta wata matsattsiyar kafa a gefen babbar jijiyar jini da ke komo da jini daga ƙafa. An fi samunta ga mata, musamman manya.

Ba ƙaramin ciwo ba ne a lissafi. An ƙiyasta cewa cikin maza 100, kimanin 27 za su bukaci aikin ƙabar matsematsi a tsawon rayuwarsu, a mata kuwa kimanin 3. A duniya ana yin wannan aiki fiye da sau miliyan 20 a kowace shekara. Tsohon tari, da yunƙuri wajen bayan gida ko fitsari, da shan taba, da aikin ɗaukar kaya masu nauyi shekara da shekaru, da gado, duk suna da hannu a ciki. Ba sammu ba ne, ba kuwa sakamakon wani laifi ba.

Yanzu sai na'urar. Wanda ya taɓa yin kira a gindin dutse ya ji muryarsa ta komo masa, ya riga ya san asalin aikin sikanin, domin amsa-kuwwa ce. Kunnen mutum yana jin sautin da ke girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Abin da ya haura haka ba ma jinsa, amma jemage da shi yake ganin hanya cikin duhu. A shekarar 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques Curie da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsu masu ƙyalli da ke ba da lantarki idan an matsa su. Ba da jimawa ba aka tabbatar da akasin haka, watau idan an ba su lantarki sai su girgiza. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Paul Langevin ya yi amfani da wannan wajen neman jiragen ƙarƙashin teku. Daga baya masana'antu suka ɗauke shi don gano tsagewa a cikin ƙarfe. Da irin wannan na'ura ta masana'antu Farfesa Ian Donald, likitan mata a Gilasgo, ya fara gwaji, shi da wani injiniya mai suna Tom Brown, har suka buga sakamakon aikinsu a mujallar The Lancet a 1958. Daga nan hoton ciki da mata ke zuwa yi a wurin awo ya samo asali.

Ga yadda take aiki. Ɗan abin da likita ke riƙewa ya ɗora a kan fata, shi ne bakin na'urar, shi ne kuma kunnenta. Yana aika sauti, ya yi shiru ya saurari abin da ya komo. A cikin naman jiki sauti yana tafiyar kimanin mita 1,540 a daƙiƙa. 'Yan sashen kimiyya sai ku lissafa: abin da ke zurfin santimita 3, zuwa da komowa santimita 6 ke nan, sautin zai dawo cikin kashi 39 daga miliyan na daƙiƙa ɗaya. Da wannan lokaci na'urar ke sanin zurfi, da ƙarfin amsar kuma take sanin irin abin da aka tarar. Ruwa yakan fito baƙi a allo, kitsen ciki yakan yi haske-haske, ƙashi da iska kuwa suna tare sautin, bayansu sai inuwa. Shi ya sa ake shafa man nan mai sanyi da yauƙi, don kada iska ta shiga tsakanin fata da kan na'urar. Don duba matsematsi akan yi amfani da sauti mai girgiza kamar sau miliyan 10 a daƙiƙa, wanda ba ya nisa ƙwarai amma yana nuna abu dalla-dalla. Babu allura, babu yanka, babu kuma irin hasken hoton ƙashi, saboda haka ana yi wa mai ciki da jariri.

Abin da ya sa sikanin ya dace da ƙaba shi ne yana nuna motsi. Ƙaba ba ta zama wuri ɗaya. Mutum ya kwanta ta koma, ya tashi ta fito. Don haka dubawar kirki tana da matakai. Da fari majiyyaci zai kwanta rigingine. Mai dubawa zai nemi wasu 'yan jijiyoyin jini da ke hawa ta bayan tsokar mara, domin su ne kan iyaka: ƙabar da ta ɓullo ta gefensu na waje, wajen ƙugu, ita ce mai bin hanyar maraina, wadda ta ɓullo ta gefensu na ciki, wajen tsakiyar mara, ita ce mai turowa kai tsaye. Sa'an nan a ce ya yi tari, ko ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri, a ga ko wani abu zai leƙo ta kafar ya koma. Bayan haka a gangara ƙasa a duba gefen jijiyar cinya. Daga ƙarshe a tsayar da shi a kan ƙafafunsa a sake yin duk wannan, a kuma duba ɗaya ɓangaren don kwatantawa. Idan hanji ne a cikin aljihun, ana ganinsa yana murɗawa. Akwai kuma wata dabara mai sunan Christian Doppler, masanin Ostiriya da ya bayyana ƙa'idarta a 1842, wadda ke nuna gudun jini da launi a allo.

Ku lura da wannan, domin zai yi muku amfani. Idan an kai ɗan'uwanku sikanin ƙaba, aka kwantar da shi aka goga na'ura a ciki minti biyu, ba a sa shi tari ba, ba a tsayar da shi ba, to takardar da aka ba ku ba ta kore kome ba.

Duk da wannan yabo da na yi mata, ga maganar da na zo da ita: yawancin masu ƙaba ba su bukatar sikanin ko kaɗan. Kumburin da ke fitowa in an tsaya, ya koma in an kwanta, ya bugi yatsan likita in an yi tari, wannan ƙaba ce, an gama magana. Edoardo Bassini na Padua a Italiya, wanda ya kafa harsashin aikin ƙaba na zamani a shekarun 1880, ido da hannu kawai yake da su. Ƙa'idojin duniya da gamayyar likitocin fiɗa mai suna HerniaSurge ta fitar a 2018 ma haka suka ce: ƙabar da ta bayyana, dubawar likita ta isa, sai inda aka yi shakka ake ƙara sikanin. Na taɓa ganin wani saurayi da ya zo mini da takardun sikanin har uku daga wurare daban-daban, alhali ƙabarsa tun daga bakin ƙofa ana hango ta. Kuɗin da ya kashe a kan hotunan da sun rage masa wani abu daga kuɗin aikin. Mun ɗauki karin maganar nan ta gani ya kori ji mun ɗora ta a kan na'ura, har ta kai majiyyaci ba ya jin an duba shi sai an shafa masa mai a ciki. Hoto ba magani ba ne, kuma kowane irin kyau ya yi ba zai ɗinke tsagewar bango ba.

To, a ina ne na'urar ke biyan kuɗinta? A wurare huɗu.

Na farko, inda akwai ciwo a matsematsi, ko majiyyaci ya ce wani abu yakan fito ya ɓace, amma likita ya lalube bai ji kome ba. Ƙananan ƙaba sukan ɓuya haka, musamman ga mai jiki.

Na biyu, inda akwai kumburi amma ba a san ko mene ne ba. A bakin mutane duk abin da ya kumbura a can gwaiwa ne, amma a wurinmu abubuwa ne daban-daban. Akwai ruwan da ke taruwa kewaye da ɗan maraina, wanda a ƙasashenmu tsutsar da sauro ke yaɗawa, mai haddasa tundurmi, tana cikin masu jawo shi. Akwai kaluluwa, wadda sau da yawa miki ne a ƙafa ya tayar da ita. Akwai dunƙulen kitse, da kumburin jijiyoyin jini, da ƙurji mai mugunya, da ɗan marainan da bai sauka ba, har da ciwon daji na maraina wanda samari irinku ya fi kamawa. Kowane da maganinsa, kuma sikanin yana rarrabe su cikin mintoci kaɗan.

Na uku, ga wanda aka taɓa yi wa aiki, ciwo ko kumburi ya dawo. Tabo yakan rikita hannu, na'ura kuwa tana iya nuna ko ƙabar ce ta komo, ko ruwa ne kawai ya taru.

Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne mata. Ƙabar cinya ƙarama ce, wani lokaci ba ta wuce goro ba, amma kafarta a matse take, ba ta kuwa buɗewa. Wani bincike da aka buga a Ingila a 1991 ya nuna cewa cikin wata 3 da gano ta, kimanin kashi 22 cikin 100 na ƙabar cinya sun shaƙe hanji, alhali a ƙabar matsematsi ta yau da kullum abin bai kai kashi 3 ba. Hannu yakan kasa bambance su, musamman in mace tana da jiki. Shi ya sa kumburi a matsematsin mace ba abin a bari a gani ba ne.

Bari in ba ku labarin da ba na mantawa. Wata dattijuwa ce ɗanta, ƙaramin ma'aikaci, ya kawo ta, kwana uku tana amai, ciki ya kumbura, ba ta bayan gida. Kafin su iso wurinmu sun biya wani shagon sikanin a gari, an duba mata ciki daga cibiya zuwa sama, an ce ba a ga kome ba, aka ba ta maganin gyambon ciki. Ba wanda ya duba ƙasan mara. Ita kuwa ta san akwai wani ɗan ƙullutu a can, amma yaya za ta faɗa a gaban ɗanta na fari? Sai da muka fitar da shi waje, wata malamar jinya ta zauna da ita, sa'an nan ta nuna wurin. Ƙabar cinya ce, hanji ya riga ya mutu a ciki. An yanke wani yanki, Allah ya yi da sauran kwana ta tashi, amma ta yi makonni a kwance. Ɗan ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya kashe albashinsa, na'urar ma ba ta yi ƙarya ba. Inda aka ɗora ta, nan ta nuna.

Wannan ya kawo mu ga iyakar na'urar. Ingancin sikanin yana hannun mai riƙe da shi. Mutum biyu za su duba majiyyaci ɗaya da na'ura ɗaya su ba da amsa biyu. Tana iya kuskure ƙabar da ke nan, tana kuma iya nuna ɗan kitse yana motsi a ce ƙaba ce. Har ila yau, ganin 'yar ƙaramar ƙaba a allo bai tabbatar da cewa ita ce ke sa ciwo ba. 'Yan ƙwallonmu da ke fama da ciwon matsematsi, sau da yawa tsoka ce ko gaɓar ƙugu, in aka yi musu aikin ƙaba saboda hoto kawai, ciwon yana nan, an ƙara musu da tabo. Idan sikanin bai warware shakka ba, akwai hoton maganaɗisu da ake kira em-ar-ai, da hoton siti, a manyan asibitoci. Amma tsarin da ya dace shi ne likita ya fara ji daga bakinka, ya duba ka da hannu, sa'an nan in da bukata ya rubuta tambayar da yake so hoto ya amsa. Wanda ya fara da shagon hoto, ya sayi amsa tun bai san tambaya ba.

Akwai kuma lokacin da tsayawa neman hoto kansa haɗari ne. Ku rubuta waɗannan alamu. Kumburin da ke komawa a da, yau ya ƙi komawa, ya yi tauri, yana zafi ƙwarai. Amai. Kumburin ciki. Rashin bayan gida da rashin fitar iska. Fatar wurin ta yi ja ko ta yi duhu. Wannan hanji ne ya shaƙe, jini ya daina kai masa, kuma cikin 'yan sa'o'i yana iya mutuwa. Kada a danna shi da ƙarfi, kada a gasa da ruwan zafi, kada a ba da jiƙo, kada a kira wanzami ya tsaga, domin abin da ke ƙarƙashin fatar nan hanji ne. Kada a ba shi abinci ko abin sha. Kada a jira gari ya waye, kada kuma a bi layin sikanin. A nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata, ko da tsakar dare ne. Haka nan saurayin da ciwo mai tsanani ya kama wa ɗan maraina farat ɗaya, wataƙila murɗewa ya yi, kuma sa'o'i kamar 6 ne ake da su don ceto shi.

Game da magani, ba zan ɓoye muku ba: babu ƙwaya, babu sassaƙe, babu ɗamara da ke rufe ƙabar matsematsi. Aiki ne kaɗai, ko a ɗinke bangon, ko a sa masa wata raga ta musamman ta ƙarfafa shi. In an yi shi cikin natsuwa tun ƙabar tana ƙarama, sau da yawa allurar kashe wurin ta isa, mutum ya koma gida ran nan ko washegari. Namiji babba mai ƙaramar ƙaba marar ciwo, likita yana iya ba shi zaɓin a dakata ana lura, gwajin da aka buga a Amurka a 2006 ya nuna hakan ba shi da haɗari mai yawa, ko da yake yawancinsu daga baya ciwo ya sa an yi musu aikin. Amma wannan sassauci bai shafi jarirai ba, bai shafi mata ba, bai kuma shafi ƙabar cinya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan'uwa, abin da nake roƙonku kaɗan ne. In kun koma gida hutu, ku buɗe ido. Kawun da ya daina hawa keke, ko ya rage zuwa gona ba dalili, ku sami wanda yake jin nauyinsa ya tambaye shi a keɓe. In uwa ce ko goggo, ku haɗa ta da mace 'yar'uwarta, ku nemi ma'aikaciya mace ta duba ta, ku fita ku ba su wuri. Ku kai su wurin likita tukuna. In ya ce ba a bukatar hoto, kada ku ɗauka ya raina ku. In ya ce a yi, ku tabbata an yi shi a tsaye da a kwance, da tari da yunƙuri. Ranar da wani ya yi wa mai gwaiwa dariya a gabanku kuwa, ku tuna da lissafin nan na 27 cikin 100, ku dubi yawan mazan da ke cikin wannan zaure.

 Mai tambayar da yake jin nauyin yi a bainar jama'a, ya rubuta a takarda ba suna ya miƙo, zan amsa. Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.